Tufkar Igiya: Sana'ar Da Ta Ɗauro Kayan Kakanninmu Zuwa Kurmi

Duk lokacin da aka zauna ana tarihin zuwanmu ƙasar Yarabawa, abu biyu ake ambata, goro da shanu. Gaskiya ne kuwa, su suka kawo kakanninmu nan Badun, su suka zaunar da su. To amma akwai na uku wanda ba a cika tunawa da shi ba, don ba shi da tsada kuma ba shi da kwarjini, watau igiya. Huhun goro bai taɓa hawa jaki ko jirgi ba sai an ɗaure shi. Sa bai taɓa fita daga kara zuwa hannun mahauta ba sai da igiya a ƙahonsa. Igiyar nan kuwa a wancan zamani ba a kanti ake samunta ba, mutum ne ke zama a zaure ko a gindin bishiya ya tufka ta da tafin hannunsa da cinyarsa. Shi ya sa muka ga ya dace a wannan fitowa mu waiwaye ta, ita da masu yin ta.

Bari mu fara da abin da ake yin ta da shi, domin yaranmu da aka haifa a nan da yawansu ba su san rama ba sai a kwano, an kwaɗa ta da ƙuli-ƙuli. Rama shuka ce ta damina. Manomi ba ya cika ba ta gona ita kaɗai, sai dai ya zagaye gefen gonar gero ko dawa da ita, ko ya watsa ta a bayan gida. Tana ƙarama mata na tsinkar ganyenta don kwaɗo da fate. In aka bar ta sai ta miƙe sambal ta wuce tsawon mutum. Da kaka sai a sare ta, a kakkaɓe ganyen, a ɗaure dami-dami, a kai kududdufi ko gefen rafi a nutsar, a danne da duwatsu don kada ta taso. Nan za ta yi mako guda zuwa biyu, gwargwadon ɗumin ruwan. Abin da ake so shi ne ɓawon ya ruɓe daidai yadda zai saki zaren da ke cikinsa. In aka yi gaggawar tsamowa ba ta saɓulewa, in kuma aka bar ta ta wuce kima sai zaren ya yi rauni, kana ja yana tsinkewa. Wanda ya san aikin da ɗan yatsa yake gwadawa. Wari kuwa ba a magana, duk wanda ya taɓa bi ta bakin kududdufin da aka jiƙa rama ba sai an gaya masa ba. Bayan an tsamo sai a saɓule, a bubbuga a kan ruwa, a wanke, a shanya a jikin danga. Ta bushe sai ka gan ta fara-fara tana sheƙi kamar gashin wutsiyar doki. Karan da ya rage ma ba a yar da shi, da shi ake hura wuta.

Bayan rama sai kaba, watau ganyen goruba tun tana ƙarama ba ta zama itace ba. Ana tsaga ta siri-siri, a jiƙa, a tufka. Igiyar kaba tana da kaushi, tana cin hannu, amma ita ce ta ɗaurin jinka da danga da rumbu, ga araha. Sai ta kuka, wadda ake yankar ɓawon daga gindin bishiyar a daddaka shi a tsefe. Ikon Allah, kuka ba ta mutuwa saboda haka, sai ta sake yin wani ɓawon. Shi ya sa in ka je gida za ka ga tsofaffin kukoki a bakin gari da tabo zagaye da gindinsu kamar an ɗaura musu ɗamara. Mai itace a daji kuwa ba ya wahalar da kansa, ɓawon kalgo yake ɓarewa ya ɗaure kayansa ya kama hanya. Akwai kuma ƙiri, igiyar da ake yi da fata, ta ɗaure dabba mai ƙarfi.

Yanzu sai ita kanta tufkar. Kayan aikinta duka-duka wuƙa ce da ƙwaryar ruwa da turke, sai ɗan guntun sanda. Mai tufka zai yayyafa wa ramar ruwa ta yi laushi, wasu ma da baki suke fesawa. Ya ɗebi daidai kaurin da yake so ya raba biyu, ya ƙulle kan ya maƙala a babban yatsan ƙafarsa. Sa'an nan ya ɗora silin biyu a kan cinya, a rabe, ya murza su da tafin hannu, kowanne ya murɗe shi kaɗai. Da ya ɗaga hannu sai su biyun su nannaɗe juna ta ɗaya ɓangaren. Ɗan'uwa mai karatu, sirrin igiya kaf a nan yake. Kowane sili so yake ya warware, amma hanyar da zai bi ya warware ita ce ke ƙara matse shi a jikin ɗan'uwansa. In da za a murɗe su duka ta ɓangare ɗaya, kana saki za su watse. Idan sili ya kusa ƙarewa sai a sako sabon zare a kwantar a jikin tsohon a murza su tare. Ba a yin wannan ƙari a silin biyu a wuri ɗaya, sai an bar tazara, in ba haka ba nan za ta tsinke, kuma ranar da aka fi bukatarta. Da wannan ake gane igiyar gwani, ka bi ta da hannu tun daga kai har ƙarshe ba za ka ji inda aka yi ƙari ba.

Igiyar guga da ta ɗaure sa kuwa sili uku ake yi mata, kuma mutum ɗaya ba ya isa. Sai a kafa turke a ja sili uku masu tsawo, a ɗaura guntun sanda a bakin kowanne ana juyawa har ya murɗe ya yi tauri, wani kuma yana haɗa su a hankali yana matsewa. An gama sai a ɗaure ta tsakanin bishiya biyu a ja ta ta miƙe, a bi ta da harshen wuta a ƙone gashin da ya fito. Da gaba ake auna ta, watau daga yatsan hannun dama zuwa na hagu in mutum ya ware hannuwansa. Da shi ake auna zurfin rijiya ma, kuma akwai garuruwa can arewa da rijiyarsu ke kai gaba ashirin. Ka dubi itacen da ake gittawa a bakin tsohuwar rijiya, za ka ga kwarin da igiya ta ci a jikinsa shekara da shekaru.

Abin mamaki, hannunmu ya bar sana'ar amma bakinmu bai bar ta ba. Yaro zai ji a rediyo an ce an yi wa wane ɗaurin talala, bai san talala doguwar igiya ce da ake ɗaure dabba da ita don ta yi kiwo ba tare da ta yi nisa ba. Zai ji an ce an sa wa ƙasa kaza takunkumi, ko matsala ta yi wa al'amari dabaibayi, ko ana bin wane raƙumi da akala, ko gwamnati na tufka da warwara. Duk maganar igiya ce. Hatta aure da igiya muke lissafa shi, a ce saura igiya biyu, saura ɗaya. Hukuncin saki uku na shari'a ne, malamai sun karantar da mu, amma mu dai a ganinmu wanda ya fara kiran abin da sunan igiya ya san igiya mai sili uku, ya kuma san yadda take zama in ɗaya ya tsinke.

To su wa ke yin ta? Manomi kan tufka tasa da rani in aikin gona ya ƙare. Bafillace kan tufka dangwalin da yake jera maruƙa a jiki. Mata kan yi ragayar rataye ƙwarya. Amma igiyar kasuwa, wadda fatake ke saye da yawa, a ƙasar Hausa an san ta da makafi. Aiki ne na yatsa, ido bai da wani rabo a ciki, kuma makaho ya fi mai ido jin inda sili ya yi kauri ko ya sirance. Clapperton, Baturen Birtaniya da ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, ya tarar makafi suna da unguwarsu a cikin ganuwa. Suna da sarkinsu, sarautar da har yau ba ta mutu ba. A zamanin da agana da ƙyanda da amosanin ido ke makantar da mutane birjik, wannan sana'a ta rufa wa bayin Allah da yawa asiri. Ba mu ce ba sa bara ba, suna yi, musamman ranar Juma'a. Amma makahon da ya kai igiyarsa Kasuwar Kurmi ciniki ya je yi, a taya ya ce albarka kamar kowane ɗan kasuwa.

Wannan igiya ce ta bi ayari zuwa Gwanja. Kafin jirgin ƙasa, goron da ake ci a Kano da Sakkwato daga ƙasar Asante yake fitowa, a saye shi a kasuwar Salaga. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka shahara da wannan fatauci. Ayari zai tashi da madugu da jaji, a haye Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, a ratsa Bargu, a bi ta Sansanne Mango da Yandi, tafiyar wata da watanni. Shi dai Clapperton ɗin nan ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, mutum wajen 1,000 maza da mata, da dabbobi kusan yawan haka. Yanzu ka zauna ka yi lissafi. Kowane jaki da akumari da kaya biyu dama da hagu, duk a ɗaure. In an sauka zango kowace dabba sai an yi mata dabaibayi ko an kafa mata turke. Ga igiyar guga, ga ta ɗan alaro mai kaya a ka. Shi kuma goro ba kamar kanwa ba ne da za ka ɗaure ka manta. Bayan 'yan kwanaki sai an kwance, a zazzage, a tsince wanda ya lalace, a yayyafa ruwa, a sake ganye, a mayar a ɗaure. Igiyar da ba ta jure kwancewa da ɗaurewa ba ta kai mutum gida. Falken da igiyarsa ta tsinke a tsakiyar rafi jarinsa ne ya bi ruwa.

Hanyar Gwanja ta fara lalacewa bayan Turawan Ingila sun ƙone Kumasi a 1874, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya watsa kasuwar. Fatake suka nemi wata hanya. Alhaji Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko. Can kuma manoman Yarabawa a Agege da Otta da Shagamu suka shiga dasa irin goron da Bahaushe ke so, wanda har yau suke kira gbanja, sunan Gwanja ke nan a bakinsu. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, aka gama gadar Jebba a 1916. A wannan shekara ta 1916 ce aka yanka wa kakanninmu filin nan da muke ciki, bayan da can suna zaune a cikin gari a gidajen masu masauki.

Jirgi ya sallami jaki daga wannan hanya, amma bukatar igiya ƙaruwa ma ta yi. Goron da a da ake jira shekara kafin ya iso, yanzu kullum sai an yi lodi. Duk wanda ya tashi a gidan maigidan goro ya san aikin. A shimfiɗa ganye, a zuba goro, a rufe, a naɗe da buhu, sa'an nan ƙarti biyu su sa ƙafa su danne suna jan igiya suna gicciya ta har huhun ya yi tamau. In ya yi sako-sako iska ta shiga goro ya bushe, in an matse fiye da kima ya farfashe. A kara ma haka abin yake. Shanun da aka koro ta Jebba da Ilori da Ogbomosho da Oyo, ko aka sauke daga tarago, ba sa daɗewa a kurmi saboda tsando, dole a sayar da wuri. Da an yi ciniki sai igiya biyu, ɗaya a ƙaho ɗaya a ƙafar baya, yaro a gaba yaro a baya. Wanda ya taɓa ganin rahaji mai dogon ƙaho ya ƙwace a tsakiyar Mokola ya san darajar igiya mai kyau.

Sai dai kurmi ba gida ba ne. Goruba ba ta fitowa a nan. Rama tana yi, amma kakanninmu ba noma ya kawo su ba, ba su da gona. Dattawa sun ba mu labari cewa daga arewa ake sauko da ita, wata a tufke a nannaɗe, wata kuma zare a ɗaure, a zo nan a tufka. Ga damina mai tsawo da laima, igiyar da za ta shekara a Katsina a nan 'yan watanni take yi ta ruɓe. Wannan ya sa kasuwarta ba ta yankewa. Mutanenmu sun kuma ga yadda maƙwabtanmu ke yin tasu, wadda suke kira okun, da tukurwa da jijiyoyin daji, ana kuwa saye a wurinsu in ta gida ta yanke. Tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare a hanya, da almajirai, da makafi, da baƙon da ya sauka bai da jari, su ne ke zama a inuwa suna wannan aiki. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a 1962 da 1963 ya kuma fitar da littafinsa a kanmu a 1969, ya tarar makafin unguwar nan da sarkinsu da tsarinsu, kamar yadda yake a gida.

Ita ramar ma har ta taɓa samun shiga wurin hukuma. Dalar gyaɗa ta Kano da kokon Jihar Yamma duk a buhun algarara ake zuba su, a ɗinke baki da basilla da kirtani, buhunan kuwa daga Indiya da Pakistan ake sayo su. Da aka sami mulkin kai sai aka ce me zai hana mu yi namu, tun da zaren rama ɗan'uwan na can ne. A shekarun 1960 aka kafa masana'antar buhu biyu, ɗaya a Jos ɗaya a Badagry. Duk biyun sun daɗe da rufewa, har yau kuma buhun da ake fitar da koko a ciki daga waje yake zuwa. Wani abin da da yawanmu ba su sani ba shi ne, cibiyar binciken aikin gona da aka ɗora wa alhakin inganta irin rama a Nijeriya a nan garin take, a Moor Plantation ta hanyar Apata. Kuɗin mota ɗaya ne daga Sabo.

Abin da ya kashe tufka dai igiyar roba ce. An ƙirƙiro nailan a Amurka a 1935, irin robar da ake yin igiyar nan mai launin shuɗi da ruwan ɗorawa kuma ta fito a Turai a shekarun 1950. Mu da muka haura hamsin mun riski lokacin da ake shimfiɗa su biyun gefe da gefe a kasuwa, sannu a hankali ta rama tana ja da baya har aka daina tambayarta. Kada mu yi wa ta roba ƙarya, tana da ƙarfi, ba ta ruɓewa a ruwa, ga sauƙin kuɗi, ɗan kasuwa kuwa abin da ake nema shi yake kasawa. Mai rijiya a kurmi ba zai koma wa rama ba, kuma ba mu ga laifinsa ba. Amma a jikin dabba ba ta kai ta da ba. Tana da santsi, ƙullinta na zamewa, in kuma ta matse sai ta yanka wuya ko ƙafa ta bar gyambo, fatar ma ta rage kuɗi. Ta sha rana sai ta riƙa marmashewa. Guntayenta ba sa zama ƙasa, suna nan a kwata tare da leda, akuya ta haɗiye, mahauta su tarar a tumbi.

Babbar hasarar kuwa a kan mutane ta faɗa. Maigidan goro ya sauya igiya ya ci gaba da cinikinsa, dillalin shanu ma haka. Makaho ne bai sami abin da zai sauya ba. Sana'a guda da yake gogayya da mai ido a cikinta har ya fi shi, inji ya karɓe, aka bar shi da ƙoƙo. Kowa ya ga yadda bakin titin Jemibewon ya cika da bayin Allah, har a 2021 gwamnatin Jihar Oyo ta kwashe su zuwa Akinyele. Ranar nan an yi ta magana a majalisu, wasu na ganin an kyauta wasu na ganin ba a kyauta ba. Mu abin da ya tsaya mana a rai shi ne, in baƙo ya ce Bahaushe a garin nan, hoton da ke fara zo masa ke nan, alhali kakannin waɗannan mutane da guminsu aka ɗaure dukiyar da ta gina unguwar.

Ba muna cewa tufka za ta ciyar da kowa ba ne, zamani ya wuce nan. Amma akwai kasuwa guda da ba ta mutu ba. Duk Babbar Sallah raguna na sauka a garin nan mota-mota, kuma babu wanda ke jan ragonsa gida sai da igiya gaba biyu. Wanda ya zuba kuɗi masu yawa a kan rago ba zai ƙi ƙara ɗan abu kaɗan ya sayi wadda ba za ta ci wuyan dabbarsa ba, in an nuna masa bambancin. Motocin da ke kawo ragunan daga Katsina da Jigawa da Yobe ba za su rasa wurin damin zaren rama ba. Akwai kuma sauran dattawa a cikinmu, masu ido da marasa ido, waɗanda hannunsu bai manta ba, sai dai duk shekara raguwa suke yi. Muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan magana cikin ajandar taro mai zuwa, a gayyato Sarkin Makafi da shugabannin 'yan kara a ji ta bakinsu, a kuma tura mutum biyu Moor Plantation su tambayo batun iri. In za a yi, to a fara tun watan Rajab, domin igiyar da za a sayar a Zulhajji ba a goman farko ake tufka ta ba.